Mai Ciwo Da Mai Jinya: Gidan Da Cuta Ta Shiga A Cikin Labaran Matasa

A Hausa kalmar jinya tana ɗauke da mutum biyu. Idan aka ce wane yana jinya, shi ne a kwance. Idan kuma aka ce wance tana jinyar ɗiyarta, ita ce a zaune gefen gado da kofin ruwa a hannu, tana sauraren numfashin wadda ke kwance. Magabatanmu ba su ga dalilin raba su da kalmomi biyu ba, domin sun lura cewa cuta mai nauyi idan ta kama mutum ɗaya a gida, sai ta kwantar da wasu a tsaye. Da wannan ma'aunin nake so in auna ƙagaggun labaran da ake rubuta wa matasa, musamman waɗanda aka gina a kan saurayi ko budurwa mai fama da ciwon da ba ya warkewa da wuri, ko wanda ba ya warkewa sam.

Abin da ya sa batun ya tsaya mini a rai shi ne aikina. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Gusau, kuma na san abin da ɗalibaina ke karantawa idan an tashi: labaran da ake turawa kashi-kashi a zaurukan WhatsApp, da na Wattpad, da waɗanda ake karantawa da murya a YouTube. Na kuma san cewa da wuya malami ya shiga babban aji ya rasa wadda ke da sikila, ko wadda ƙanenta ke da ita, ko wadda ta taɓa kwana a asibiti a kan tabarma saboda wani nata. Waɗannan yara suna buɗe labari ne da wani abu da suka riga suka sani a jikinsu, saboda haka ya dace a tambaya ko labarin ya san abin da suka sani.

A Amurka da Ingila akwai rukunin littattafai da aka keɓe wa masu shekara 12 zuwa 18, kuma ciwon matashi ya zama babban jigo a cikinsa. Wanda ya fi shahara shi ne The Fault in Our Stars na John Green, wanda ya fito a 2012, aka mayar da shi fim a 2014. Mai ba da labarin yarinya ce 'yar shekara 16 wadda kansar thyroid, wato ƙullin da ke gaban wuya, ta bazu zuwa huhunta, tana yawo da tulun iskar numfashi duk inda za ta. Yawancin masu karatu soyayyar da ke ciki suke tunawa, amma ni abin da na ɗauka shi ne yadda yarinyar take kallon iyayenta daga kan gado. Mutuwar kanta ba ta firgita ta kamar yadda tunanin abin da zai sami uwarta bayanta yake firgita ta, domin ita kaɗai suka haifa, kuma ta taɓa jin uwar tana kukan cewa in ta rasu, ita ta daina zama uwa ke nan. Hankalinta bai kwanta ba sai da ta gano cewa uwar tana wani karatu a ɓoye domin ta sami abin yi a gaba. Marubucin ya taɓa aiki a matsayin mai ba da haƙuri na addini a asibitin yara, kuma ina ganin daga can ya samo wannan fahimta, cewa yaro mara lafiya shi ma jinyar iyayensa yake yi, yana ɓoye zafin da yake ji don kada su karaya.

Na biyu shi ne My Sister's Keeper na Jodi Picoult, na shekarar 2004, wanda ya juya fitilar zuwa kan 'yan'uwan mara lafiya. Iyaye sun haifi ƙanwa da gangan, ta hanyar zaɓen ƙwayar haihuwa a asibiti, domin jininta da ɓargonta su dace da na yayarta mai kansar jini. Da ta kai shekara 13 aka zo neman ƙodarta, sai ta shigar da ƙarar iyayenta a kotu tana neman ikon jikinta. A gefe kuma ga yayansu namiji da aka manta da shi, wanda ya shiga cinna wa gine-gine wuta alhali mahaifinsu ma'aikacin kashe gobara ne. Ɗiyar Bahaushe ba za ta kai iyayenta gaban alƙali a kan irin wannan ba, kuma ba na fatan ta yi. Sai dai tambayar da labarin ya tayar tamu ce ƙwarai: nawa ne za a karɓa daga yaro mai lafiya domin a tsirar da mara lafiya, kuma wa ya taɓa zaunar da shi ya ji ta bakinsa?

Waɗannan littattafai suna da nasu rauni. Sukan yi wa ciwo kwalliya har ya zama kamar ado ne ga soyayya, kuma asibitin da ke cikinsu kullum yana nan da wuta da magani da motar ɗaukar mara lafiya. Mai karatu a Talata Mafara ko Shinkafi zai gane tsoron da ke ciki, amma ba zai gane gidan ba.

Idan muka dawo ga namu labaran kuwa, a iya karatuna cuta takan shigo ne a matsayin gada da marubuci ke son ƙetarewa zuwa wani wuri. Jaruma takan yanke jiki ta faɗi saboda an hana ta wanda take so, likita ya fito yana goge gumi ya ce zuciyarta ta kumbura, uba ya saduda, a ɗaura aure, ciwo ya ɓace. Wani lokaci attajiri ne zai bayyana ya ɗauke ta zuwa Indiya ko Masar, a shafi biyu a gama magana. Wani lokaci kuma likitan ne da kansa zai kamu da sonta. In ciwon ya daɗe, to sammu ne na kishiyar uwa, kuma ranar da aka tono layar da aka binne, ranar za ta miƙe garau. Ba na raina waɗannan marubuta, domin yawancinsu mata ne masu rubutu a waya tsakanin girki da renon yara, kuma su suka riƙe karatun Hausa a hannun matasa. Amma wannan salon yana da illa guda da ta dame ni: yana koya wa mai karatu cewa kowace cuta tana da mai laifi, kuma tana da ranar ƙarewa kwatsam. Yarinyar da ke da ciwon da aka haife ta da shi, wanda zai raka ta tsawon rayuwa, ba ta da mazauni a cikin irin wannan labari.

Sikila ce misalin da ya fi kusa da mu, wadda wasu ke kira amosanin jini. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu ita a duniya. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar, wato AS, ba tare da yana ciwo ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, shi ya sa wani gida zai haifi biyar babu ko ɗaya, wani kuma ya jera uku. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana kusan 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20, kuma takan lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Toshewar nan ce ke kawo azabar da ke sa yaro ya ce ana sara masa ƙashi. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro da gajiya su ne ke tayar da ita. A shekarun balaga kuma sai ta zo da abin da ya fi ciwon kansa ɗaci ga matashi: jinkirin girma, idanu masu ruwan ɗorawa, gyambon ƙafa da ba ya jin magani, da ɗingishi idan ƙashin kwatangwalo ya lalace.

Ɗiyar yayata tana da ita. Suna zaune a wani ƙauye da ke gefen Bunguɗu, kuma akwai wani dare na hunturu, tana da shekara 15, da ciwon ya tashi bayan isha'i. Babu wanda zai fitar da babur a wannan hanyar da dare saboda halin tsaro da kowa ya sani, don haka uwarta ta kwana tana ɗora ruwa a wuta, tana gasa mata ƙafafu da tsumma, mahaifinta kuma yana ƙofar ɗaki da carbi yana jiran kiran assalatu. Da suka iso asibiti a Gusau aka auna aka ce jininta ya yi ƙasa, a kawo masu bayarwa. Yayanta ya ba da leda ɗaya, ni na ba da ɗaya. Uwar ta shimfiɗa tabarma tsakanin gado da bango, ta jera filas na kunu da buta da kwanon sha a ƙarƙashin gadon, nan ta zauna kwana tara. Uban bai iya zama a ɗakin mata ba, sai ya tare a gindin wata dalbejiya a waje, takardun magani a aljihun gaba, yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya a waya yana fara magana da doguwar gaisuwa saboda nauyin abin da zai roƙa.

A rana ta huɗu, da uwar ta fita alwala, yarinyar ta jawo hannun rigata ta ce, "Kawu, nawa Baba yas sai da ragon ga?" Babu wanda ya gaya mata an sayar da ragon da ake kiwo don layya. Ta lissafa ne da kanta daga yawan ledojin magani da kuma yadda uban ya daina haɗa ido da ita. Da na ba uwar labari sai ta ce, "Haba, ɗiyag ga ba ta san komi ba." Ta san komai, kuma ta daɗe da sani.

A nan ne nake ganin marubucinmu yake da taskar da bai buɗe ba. Kuɗi a gidan mai jinya yana da murya kamar mutum. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, kuma ma'anar wannan a gidan manomi ita ce kowace kwanciya asibiti tana cin buhun gero ko akuya ko kuɗin makarantar wani. Folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi ana sha ne kullum, maganin haidroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon shi ma na kullum ne, kuma yana buƙatar gwajin jini a kai a kai. In abin ya fi ƙarfin Gusau sai a nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200, ko a yi kudu zuwa Shika ta Zariya, da kuɗin mota da na abinci da na wanda zai tsaya a gida. Uban da ke wannan lissafi ba mugu ba ne kuma ba attajiri ba ne, wato ba ɗaya daga cikin ubanni biyun da labaranmu suka saba kawowa ba. Mutum ne mai son ɗiyarsa wanda kuma yake da wasu bakuna takwas da ke jiransa, kuma wani lokaci yakan ce a jira zuwa gobe alhali ya san jiran kuskure ne.

Sai uwa, wadda a kanta zargi ke sauka. Duk da cewa ƙwayar daga iyaye biyu take zuwa daidai wa daida, dangin miji sukan ce jinin gidansu matar ne, musamman idan kishiya AA ce, wato ba ta ɗauke da ƙwayar, kuma 'ya'yanta lafiya lau. Tun da daɗewa muna da sunan wabi ga matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, har ana raɗa wa na baya sunaye irin su Ajefas da Ayashe, kuma akwai dalilin zaton cewa sikila na cikin abubuwan da ke bayan wasu daga cikin waɗannan mace-mace. Auren zumunci, wanda muke ƙauna don yana ƙulla dangi, yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ƙwayar idan tana cikin zuri'a, sai ya zama iyayen da suka haɗa auren su ma suna da nasu nauyin a zuci, ko da ba su furta ba.

Amma wanda na fi jin tausayi, kuma wanda aka fi mantawa, shi ne ɗan'uwan mara lafiya. A waɗancan kwanaki tara, ƙanwar yarinyar, 'yar shekara 12, ita ta riƙe gidan: ita ce surfe, ita ce tuƙa tuwo, ita ce goyon autansu, kuma jarrabawar ƙarshen zango ta wuce ta. Babu wanda ya zalunce ta da niyya, kuma da an tambaye ta da ta ce ba komai. Sai dai na ga yadda take kallon gwangwanin madara da lemon da ake ajiye wa yayarta, na kuma ga yadda kunya ke kama ta idan ta lura an gan ta. Irin wannan yaro yana rayuwa da abubuwa guda biyu da ba su jituwa: yana ƙaunar ɗan'uwansa har ransa, yana kuma jin haushin cewa duk kulawar gidan ta tafi can, sa'an nan ya tsani kansa saboda haushin. Idan ya yi zazzaɓi sai ya yi shiru don kada ya ƙara wa uwa. Idan ya ci jarrabawa sai ya rage murna. A kimiyyance ma shi ne ake dubawa, domin dashen ɓargo, wanda ke iya raba mutum da sikila, ya fi nasara idan shaƙiƙi ne ya bayar, kuma a Nijeriya an fara yin sa ne a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ko da yake kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan kowa. Marubuciyar da za ta ba da labari ta bakin wannan ƙanwa, ta bar ta ta faɗi abin da take ji ba tare da ta mayar da ita muguwa ba, za ta taɓa dubban yara da ba su taɓa jin an ambaci halinsu ba.

Akwai kuma shirun da ke tsakanin iyaye da mara lafiya. Al'adarmu ta kunya da kawaici tana da kyau a wurare da yawa, amma a bakin gadon asibiti takan bar yaro shi kaɗai. Likita yakan kira uba gefe, uba ya tace abin da zai gaya wa uwa, uwa ta ce wa ɗiya da sauƙi. Idan kuma ɗiyar fari ce, alkunya ma takan hana uwar nuna ruɗewarta a gaban mutane. Matashin yau kuwa yana da waya, ya riga ya rubuta sunan maganinsa a intanet ya karanta abin da ya fi wanda likita ya faɗa muni. Sai kowa ya riƙa kare kowa da shiru. Haka nan kalmar haƙuri, wadda ake faɗa wa mai ciwo sau ɗari a yini da kyakkyawar niyya, wani lokaci yakan ji ta kamar umarni ne ya daina kuka. Idan ya nemi allurar kashe zafi sau da yawa sai a fara raɗe-raɗin ya saba da fenta, wato ita allurar, kuma gaskiya ne wasu sukan saba da ita, amma da yawa zafin ne kawai yake cin su.

Ba na son a fahimce ni da cewa imani matsala ne a nan. Na ga yadda tawakkali ya riƙe yayata a daren da ba abin da zai riƙe ta, na ga yadda labarin Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yake sanyaya zuciyar yarinyar da kanta. Addinin da ya koya mana haƙuri shi ne ya gaya mana cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da labari nagari zai iya nunawa shi ne gidan da ake tofi kuma ake zuwa asibiti, inda kaka ke jiƙa saiwa, uwa ke ɓoye ta don likita ya hana, ba tare da an mayar da kakar jahila ko likitan maƙiyin addini ba, domin a gidajenmu haka abin yake, a cakuɗe.

Zamfara ma tana da nata labarin da ke jiran alƙalami. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma dalma takan bar lahani mai ɗorewa a ƙwaƙwalwar yaron da ya tsira. Jariran wancan lokaci su ne samari da 'yan matan yau, a gidajen da suka binne wasu suka reni wasu.

Matsala ta ƙarshe ita ce inda labari ke tsayawa. Na Turawa sukan ƙare da jana'iza, namu da biki, alhali yawancin gidajen masu jinya ba su kai ko ɗaya ba. Sallama ake ba su daga asibiti, su koma gida da bashi da ledar magani, su jira hunturu mai zuwa. Ɗiyar yayata yanzu tana da shekara 19. Ta rubuta jarrabawar WAEC a zama na biyu saboda na farko ya same ta a kwance, kuma wanda ya fara zuwa zance wajenta ya ɗauke ƙafa da danginsa suka ji labari. Ƙanwarta ce aka fara kawo wa kuɗin gaisuwa, mai neman ɗan baffansu ne, kuma suna son juna tun suna yara. A Kano an kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma a wannan gidan ba doka ce ta sa aka yi ba, yayar ce ta dage, ta ce ba za ta bari a ɗaura ba sai an je an auna su biyun. Sakamakon ya fito AS da AS. Takardar tana cikin akwatin uwarsu yau wata biyu ke nan, baffan yana cewa Allah ke ba da lafiya, uban ya yi shiru, 'yan matan biyu kuma suna kwana a ɗaki ɗaya, ƙaramar ba ta yi wa babbar magana sai gaisuwar safe, amma har yanzu ita ce ke tashi cikin dare ta ja mata bargo idan iska ta juya.